Dubu Goma Sha Shida da Ɗari Shida da Arba'in da Ɗaya

Ranar Litinin aka shafa mana jan fenti. Ina tsugune a tsakar gida ina tsince shinkafa na ji tsayuwar mota a bakin layi, kuma ba motar unguwarmu ba ce, don namu duk na san tarinsu. Na ji an buɗe ƙofa huɗu, na ji takun takalma sau ciki, sai wani sauti kamar ana kaɗa gwangwani da tsakuwa a ciki. Daga nan sai fesawa a jikin katangarmu, sau biyu. Kafin in lalubo mayafi in leƙa har sun wuce gida na gaba.

Gida takwas ne a layinmu na Durumi, kuma duka takwas ɗin aka yi wa wannan jan gicciye, da wani rubutun Turanci a ƙasa. Da maigidana ya dawo daga aiki ya tsaya ya karanta, ya daɗe bai shigo ba. Direba ne a wata ma'aikatar tarayya, mutum mai yawan raha, amma ranar ko sallamarsa sai da na kasa kunne na ji. Ya ce sati biyu suka bayar. Titi za a fitar.

Mun zo Abuja ne ba da daɗewa ba bayan soja sun koma bariki. Lokacin garin kamar ana hura shi. Ta saman katanga nake ganin dogayen gine-gine suna tsirowa, yau hawa uku, wata mai zuwa hawa bakwai, tifofi suna wucewa tun asuba. Mu kuma a wajen mai unguwa muka sami filinmu, da takarda mai hatiminsa, muka gina ɗaki ɗaya, muka ƙara wani, muka ƙara kicin, bulo bayan bulo. Ashe takardar nan a ofishin hukuma ba ta da maraba da wadda ake naɗe ƙosai.

Ni kuwa mace ce ta gida. Ba kulle aka yi mini ba, ni ce ba na son fita. Sai in yi wata uku ban taka bakin titi ba. Duniyata tana tsakanin ƙofar zaure da bishiyar zogalen da na dasa a bayan kicin, kuma ta ishe ni, don maƙwabta suna shigowa, hira ba ta yanke mini. In aka rushe gidan nan, ban san inda zan ajiye kaina ba. Tun daga ranar Litinin ɗin zama ya gagare ni. In ɗaure kwanuka a zani, in kwance. In sauke labule, in mayar. Da na ji rurin babbar mota sai in miƙe tsaye da ludayi a hannu, har sai ta wuce.

Ranar Laraba da safe, kafin maigidan ya fita da wayarsa, na sa ya kira mini Baba. Mahaifina malami ne na zaure a wani gari kusa da Zariya, tsoho mai gajeriyar magana. Ya saurare ni har na gama kukana, sannan ya ce:

"Kin gama? To buɗe kunnenki. Gida nawa aka shafa?"

"Takwas, Baba."

"Ki tara matan, kowane gida mace ɗaya. Gobe Alhamis za ku ja Ya Laɗifu, ƙafa dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya. A zama ɗaya, ku gama kafin rana ta faɗi. Ba ƙari, ba ragi. Ku raba daidai, kada wata ta fi wata ko da guda. Maimaita in ji."

Na maimaita. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," layin ya yanke.

Na bi gida-gida ta ƙofofin baya na faɗa wa kowa. Ba wadda ta ce a'a. Ko waɗanda mazansu ba sa son irin wannan wuridi cewa suka yi in dai bayan Azahar ne, mazan suna ofis.

Ranar Alhamis suka cika mini tsakar gida, kowa da carbinta. Biyu daga cikinsu su ne masu baki. Akwai Iya, dattijuwa 'yar Ilori mai ɗan kanti a ƙofar gidanta, wadda ta fi mu duka shekaru, Hausarta kuma ta kasuwa ce, ba ruwanta da wane ne namiji wace ce mace. Akwai Maman 'Yan Biyu, katangarmu ɗaya da ita, Bakatsiniya, gajeriya, mai zafin kai da saurin dariya. Ita ce za ta yi faɗa da ke da safe, da rana ta aiko miki da ɗanwake.

Iya ta zo da kalkuletar kantinta. Na faɗi lambar, ta danna, ta raba takwas, ta ɗaga tabarau ta ƙura ido.

"Injin ya ce kowa dubu biyu da tamanin, da wani ɗan gutsure a baya."

"Gutsure kuma?" in ji Maman 'Yan Biyu. "Iya, sunan Allah ake gutsurawa? Sake danna."

Ta sake, gutsuren bai tafi ba. Sai ta juya lissafin, ta danna dubu biyu da tamanin sau takwas, ya ba ta dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in. Saura ɗaya. Guda ɗaya tak.

Na ce, "To ai da sauƙi. Tunda ni na karɓo, ni zan ɗauki ɗayan."

Da na san abin da zai biyo baya da ban buɗe baki ba.

"A'a, Hajiya," in ji Maman 'Yan Biyu. Duk mu biyun ba mu je Makka ba, amma haka take kirana in za ta tsokane ni. "Wato ke ki fi mu da ɗaya, in katafila ta zo ta tsallake gidanki ta hau nawa? Ba ke kika ce tsohonki ya ce kada wata ta fi wata ba?"

"To a ba Iya, ita ce babba."

"Ni zan karɓa," in ji Iya da sauri.

"Babba a shekaru, ba babba a gida ba," in ji Maman 'Yan Biyu. "Gidan Iya ɗaki biyu ne, nawa huɗu, ga 'ya'ya shida."

Wata ta ce a yar da ɗayan kawai, wa zai sani? Aka yi mata caa. Wata ta ce duk mu haɗa baki mu faɗe shi tare a ƙarshe, Iya ta ce in baki takwas ya faɗa ai ya zama takwas, an ƙara bakwai ke nan. Ina jin su, ina kallon inuwar katanga tana tsawo a ƙasa. Mata takwas, gidajenmu na jiran katafila, muna neman cin kwalar juna a kan Ya Laɗifu guda ɗaya. Yanzu in na tuna dariya nake yi. A ranar kuwa ban ga abin dariya ba.

'Yata ta fari tana ɗaki tana jin mu. Lissafi take karantawa a jami'ar da ke Gwagwalada, ta zo ne ranar Laraba don ta kwashe littattafanta kafin a rushe su da ginin. Tun da daddare ta faɗa mini ra'ayinta, cikin ladabi amma ba kwana-kwana: addu'a gaskiya ce, amma wannan ƙidaya ita ba ta ga asalinta ba, kuma ba za ta zauna ba. Ban ja da ita ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in tsaya musu da ita. Amma da rigima ta ƙi ƙarewa sai na juya wajen labulen na ce, kamar da bango nake magana:

"Wai ba wanda ya yi makaranta a gidan nan ne?"

Can sai ga ta ta fito da biro da tsohuwar kalanda, fuska a ɗaure. Ta gaida matan, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta juya bayan kalandar.

"Umma, faɗi lambar."

Na faɗa, ta rubuta. Ta dube ta kamar yadda nake duban shinkafa in ga ko da tsakuwa.

"Da farko dai mara ce, ba cika ba, tunda da ɗaya ta ƙare. Mutum biyu ba za su raba ta ba, haka huɗu, haka takwas. Ko ku koma biyar, ko ku ƙaru ku zama goma, ɗayan nan zai bi ku."

"Maye ne," in ji Maman 'Yan Biyu.

Yarinyar ta danne dariya. Ta ce a tara ƙwayoyin lambar: ɗaya da shida da shida da huɗu da ɗaya, goma sha takwas ke nan. Duk lambar da ƙwayoyinta suka taru suka ba da abin da tara ke rabawa, to ita ma tara za ta raba ta. Iya ba ta yarda ba sai da ta danna. Ta ɗago kai.

"Dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in da tara. Babu gutsure! Wannan yarinya ya san aiki."

Amma yarinyar ba ta ji ta ba. Ta sunkuya a kan takardar tana ja tana gogewa, ɗaurin fuskar ya tafi. Na san wannan yanayin nata tun tana ƙarama, in ta sami abin da ya kama hankalinta har leɓenta na ƙasa take cizawa. Ta ce a hankali:

"Kai. Umma, wannan ba lambar banza ba ce. Ɗari da ashirin da tara ce aka ninka da kanta."

Ɗari da ashirin da tara na san ta tun ban san hagu da dama ba. Ita Baba yake ja kullum bayan Asuba, yana cewa nauyin haruffan sunan Laɗifu ke nan a hisabi. Ban taɓa faɗa wa yarinyar nan ba. Ita ta tono ta da biro a bayan kalanda, ta hanyar bokonta, ta iske kakanta zaune a can.

Ta yi mana bayani da gona, don ta san mu. Ta ce a ɗauka an yi kunya ɗari da ashirin da tara, kowace kunya an shuka rami ɗari da ashirin da tara, tsawo da faɗi ɗaya. Yawan ramukan shi ne lambarmu. Irin waɗannan lambobi dangi ne guda, murabba'i ake ce musu. Kuma duk murabba'in da yake mara, in aka raba shi takwas dole ɗaya ya yi saura, ba makawa. Uku sau uku tara, a cire takwas saura ɗaya. Biyar sau biyar ashirin da biyar, kowa uku-uku, saura ɗaya. Bakwai sau bakwai arba'in da tara, kowa shida-shida, saura ɗaya.

"Wato tun kafin a haife mu aka rubuta za mu yi wannan faɗan," in ji Maman 'Yan Biyu.

"To mutum nawa za su iya raba shi?" in ji Iya.

Ta ce lambar duk girmanta da abu biyu aka gina ta, uku da arba'in da uku: uku sau uku, sau arba'in da uku, sau arba'in da uku. Su kuma waɗannan biyun irin lambobin nan ne masu taurin kai, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya ko su kansu. Don haka ƙofofin kaɗan ne. Mutum uku, ko tara, ko arba'in da uku. Daga nan sai ɗari da ashirin da tara zuwa sama.

Arba'in da uku ba mu da su. Uku kuwa, na dubi fuskokin matan, na san ko da bulala ba wadda za ta tashi ta bar wata ta roƙa wa gidanta. Saura tara. Mutum ɗaya muke nema.

"Ga shi nan a zaune," in ji Iya, ta nuna 'yata.

"Ni lissafi kawai na yi, Iya."

"Ko ta yarda ni ban yarda ba," in ji Maman 'Yan Biyu. "Gida ɗaya baki biyu? Hajiya, yau dai sai kin fi mu, ko ta ƙofa ko ta taga."

Duk wadda aka ambata sai a tarar 'yar wani gidan ce a cikin takwas ɗin, ko ƙanwa, ko suruka. Matan layin baya kuma ba a shafa musu fenti ba, kuma tun ranar Litinin suke kauce mana kamar masu ƙyanda. Aka kira La'asar, muka yi salla a gurguje, har yanzu mu takwas ne. Na kasa zama. In je zaure in dawo, in ɗaga murfin tukunyar da ba komai a ciki.

A zauren nake na jiyo ta, can nesa wajen injin niƙa: "Nono! A sayi nono!" Wata Bafulatana ce da ke biyowa ta layinmu kusan kullum, doguwa, ta manyanta, rugarsu tana can bayan gari ta hanyar filin jirgi. Ban san sa'ad da na fita har tsakiyar layi ba, mayafi a karkace, ina ɗaga mata hannu.

Ta shigo ta sauke ƙwarya, ta ga mata jere da carbi.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Inna. Gidajenmu za a rushe."

Na yi mata bayani. Ta saurara tana gyara faifan ƙwaryarta, sannan ta yi wata gajeriyar dariya.

"Ku Haɓe da gini. Mu sau huɗu ana tashin mu tun da aka fara garin nan. Inda na haifi ɗana na biyu yanzu gidan mai ne. Ba wanda ya shafa mana fenti ma, da safe kawai ake cewa ku matsa."

"To ki taimaka mana, Inna."

"In na ja, ladan na gidan wa ne?"

"Na kowa," in ji Maman 'Yan Biyu. "Ke ba ki da katanga a nan, shi ya sa muke son ki."

"Yau rashin katanga ya yi rana. Ku sa mini ƙwaryata a inuwa."

Sai wata matsalar ta taso. Carbin wasu ɗari ne, na wasu casa'in da tara, biyu kuma ƙanana ne masu talatin da uku. Ta yaya kowa za ta ƙirga dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in da tara ba ta ɓata ba? Yarinyar, wadda ta ce lissafi kawai za ta yi, ta riga ta shiga ɗaki ta ɗauko baƙin zare da reza. Ta ce rabon kowa shi ma murabba'i ne, arba'in da uku sau arba'in da uku. Ta karɓi carbin kowa, ta ƙirga ƙwaya arba'in da uku, ta ɗaure zare a nan. Masu ƙananan aka ba su na maigidana da nawa na ajiya. Ta ɗebo masara a buhu, ta ƙirga wa kowa ƙwaya arba'in da uku a murfin kwano. In kin ja daga kan carbi zuwa zare, ki jefa masara ɗaya a gefen tabarma, ki koma farko. Masara ta ƙare, kin gama.

Muka yi Bismilla, muka fara.

Baki tara suna faɗin abu ɗaya ƙasa-ƙasa, kowa da saurinta. Ni da kunnena, ina jin kowa daban. Iya tana jan ƙarshen kalmar, Bafulatanar tana yi da hanci kamar mai rarrashin jariri, Maman 'Yan Biyu tana sauri kamar ana bin ta. A karo na farko tun Litinin na ji ƙirjina ya ɗan sauka. Na sami tsarina: in ɗauki masara a hannun hagu in riƙe, in ja zuwa zare, in jefa, in ɗauki wata.

Na kai wajen masara ta talatin sai na ji shi. Rurin babban inji daga bakin titi, mai nauyi, irin wanda ake ji a ƙasa kafin a ji a kunne. Ya rage gudu. Ya karyo kwana ya shigo layinmu. Sauran ba su ko ɗaga kai ba, ni kuwa bakina ya tsaya, ina bin sa da kunne gida-gida. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya yi ta wucewa har ya zo daidai ƙofarmu. Sai na ji ruwa yana kaɗawa a cikinsa. Tankar ruwa ce, za ta layin baya.

Da na dawo hayyacina, carbin yana kan cinyata, ya suɓuce daga hannuna. Masara tana cikin tafin hagu. Ban san a ina na tsaya ba. Ƙwaya ta biyar? Ta talatin? Ko na kai zare? In na jefa masarar, wataƙila na rage. In na koma farko, duk abin da na riga na ja a wannan zagayen ya zama ƙari. Ba ƙari, ba ragi, in ji Baba.

Abin da ya kamata shi ne in ɗaga hannu in ce na ɓata, a sake daga farko. Na dubi rana, ta riga ta sauka bayan dogon ginin da ake yi a yamma da mu. Na dubi Bafulatanar da ke da tafiya mai nisa a gabanta. Na dubi Maman 'Yan Biyu, na tuna abin da za ta ce. Sai na ɗauki carbin na koma farko, na yi shiru da bakina.

Muka gama da sauran haske. Yarinyar ta bi murafan kwano ɗaya bayan ɗaya ta ga ba masara, ta ce, "Ya cika." Iya ta yi mana addu'a rabi da Larabci rabi da Yarbanci, muka shafa. Aka dama fura da nonon Inna, kowa ta sha. Ni ko kurɓa ɗaya bai wuce mini ba.

Sati biyu suka cika ba a zo ba. Aka shiga na uku, har wasu suka fara kwance kaya. Ranar wata Talata da hantsi na ji shi, kuma wannan karon ba ruwa a cikinsa. Katafila biyu, da motar 'yan sanda, da wani mai hular kwano riƙe da doguwar takarda. Suka fara daga bakin titi. Ba zan iya kwatanta ƙarar ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kukan kwanon rufi in ana naɗe shi. Muna tsaye a waje da kayanmu a ƙasa, ina ƙirga gidaje. Ɗaya, biyu, uku. Na shida shi ne na Maman 'Yan Biyu. Tana tsaye ta rungume agogon bango, ba ta yi kuka ba. Katafilar ta ture katangar da ke tsakaninmu, ta ɗauke kicin ɗina da zogalen, sai mai hular kwanon ya ɗaga hannu. Ya duba takardarsa, ya yi nuni da hagu. Suka juya.

Gidanmu da na ƙarshen layi suka tsira. Shida suka tafi, har da na Iya.

Maigidana ya yi ta hamdala, ya ce titin ne ya lanƙwasa a daidai nan. Yarinyar ta ce, "Taswira ce, Umma, tun kafin a shafa fentin aka zana ta." Na ce to. Amma ni na san abin da na yi. Mu tara muka zauna, aka ce kada wata ta fi wata, ni na fi su, kuma gidana ne a tsaye.

Na sami gidan, na rasa zama a cikinsa. Inda nake jin dakan Maman 'Yan Biyu da faɗanta da yara, yanzu sai injin daɓe titi. Ba mai shigowa ta ƙofar baya, don babu bayan. In share ɗaki sau uku, in fito in tsaya a inda kicin yake dā. Sau biyu ina sa a kira mini Baba, in ya ɗauka sai in tambaye shi lafiyar ƙafarsa in yi sallama. Na rame har maigidan ya ce a je asibiti.

Wajen wata huɗu ina haka. Ranar wata Asabar na ce masa zan je Lugbe, inda na ji Maman 'Yan Biyu ta koma. Ya dube ni kamar na ce zan je Legas a ƙasa. Ya sa ni a bas, ya yi wa kwandasta kwatancen inda zan sauka. Da tambaya na sami gidan, can ciki bayan kasuwa, ɗaki ɗaya da rumfar langa-langa, su takwas a ciki.

Tana tankaɗe a ƙofa ta hango ni. Ta yi guɗa.

"Hajiya da kanta! Yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Wa ya mutu kika fito?"

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na kasa sha. Na ce ina da magana, na sunkuyar da kai na faɗa mata duka: tankar ruwan, carbin da ya faɗi, komawata farko, shirun da na yi. Na ce ta yafe mini, ni na ci amanar zaman, kuma ga abin da ya biyo baya.

Na ɗago. Ta ajiye rariyar tana kallona, bakinta a buɗe.

"Guda nawa kika ƙara?"

"Ban sani ba. Bai dai wuce arba'in da uku ba."

Sai ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta dafa ƙasa, gari ya tashi ya bule mata zani, yaran suka leƙo daga ɗaki.

"Wayyo cikina! Arba'in da uku! Hajiya, ni ɗari cif na ƙara. Da gangan. Saurin da kika ji ina yi, na mene ne? Na gama masarata kafin kowa, na sa hannu a cikin hijabi na ci gaba da gaɓoɓin yatsu. Na ce in dai ƙari ke tsare gida, nawa ne zai tsaya. Ga ni nan a Lugbe."

"Ke da kika hana ni guda ɗaya?"

"Shi ya sa na hana ki mana! Iya ma ta faɗa mini ranar da muke loda kaya, ita bakwai ta ƙara, wai don albarka. In kin bincika, Bafulatanar nan ce kaɗai ta ja abin da aka ba ta."

Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace mini. Muka yi ta yi mu biyu, hawaye na zuba, ban san na wane ne a ciki ba. Da muka lafa ta goge ido da gefen zani, ta ɗauki rariyar tana juya ta a hannu.

"Me aka yi a wurin gidana?"

"Kwalta. Daidai ɗakinki na tsakiya an kafa fitilar titi."

"Tana kamawa?"

"Wani lokaci."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta turo mini ɗayar rariyar da ƙafa.

"Sha ruwanki ki taya ni. Tunda kin fito, ba inda za ki sai kin ci tuwo."

Na sha ruwan, na naɗe hannun riga.